Ranar da Aka Auna Mu a Unguwa Uku

Shekara da shekaru Malama tana ba ni labarin garinsu, har na san shi kamar a can aka yanke mini cibiya, alhali ban taɓa taka shi ba. Gidan haya ɗaya muka zauna a Gyaɗi-Gyaɗi, ƙofarta na kallon tawa, igiyar shanyarmu ɗaya. 'Yar Filato ce, Kirista, malamar firamare. Mijinta ma'aikacin ƙaramar hukuma ne a Tarauni, kowa Yallaɓai yake kiransa. In zafin bazara ya koro mu tsakar gida da mafici a hannu, sai ta fara: wai a garinsu da bargo ake kwana, wai akwai ƙorama a bayan gidan uban mijinta, wai duwatsu suna nan ɗaya kan ɗaya kamar da hannu aka jera su. Ni kuwa in ce mata ta rage gishiri. Amsarta ɗaya ce kullum: "Ranar da zan koma, ƙafata ƙafarki. Ki gani da idonki."

Ranar ta zo. Yallaɓai ya yi ritaya, ita ma ta bi bayansa, 'ya'yansu duk sun kama gabansu, ginin da suka daɗe suna lallaɓawa a gida ya ƙare. Maigidana direba ne, yana da a-kori-kura mai kujeru gaba da baya, da wata ƙaramar tirela da mai walda ya ƙera masa, wadda yake maƙalawa a ƙugiyar bayan motar. Shi zai kai su. Na nemi izinin bin su, ya ja mini rai yadda ya saba, sannan ya ce to. Kujerar baya, gefen Malama, ta zama tawa. Na ɗinka sabuwar atamfa, na aro rigar sanyi wurin ƙanwata, ni da iyakata Zariya.

Ana gobe tafiya ya yi lodi, kuma ba ya son a sa masa baki. Masu nauyi ya tura su gaban tirela da saitin taya, katifu da kwanuka a baya, ya rufe da tamfol ya ɗaure. Da safe ya tafi shan mai, nan ne matan unguwa suka fara shigowa. Mu dai ba ma sallamar maƙwabci hannu rabbana. Wannan ta zo da masara, waccan da shinkafa, wata da jarkar man gyaɗa. Samarin layi suka ɗaga gindin tamfol suna cusawa, don a can baya kaɗai wuri ya rage. Daga ƙarshe Inna mai ƙosai ta iso, ana tura mata buhun gero a baro, bakinsa ɗaure da tsumman zaninta. Noman ɗanta ne daga ƙauye. Lokacin da Inna ta karye a ƙugu, Malama ce ta yi jinyarta a asibiti kafin 'ya'yanta su iso.

Da maigidana ya dawo ya maƙala tirela, sai ya tsaya yana kallonta. Ya tsuguna, ya sa hannu ɗaya ya ɗaga kanta, ƙarfen ya yi ƙwal-ƙwal a kan ƙugiya.

"Sai mun hau sikeli," ya ce.

Na ce, "Malam, mu riɗi ne da za a auna mu? Rana fa tana yi."

"Hajiya, shiga mota."

In ya kira ni Hajiya, ni da ban je ba tukuna, to magana ta ƙare. Muka fita ana koke-koke, Inna na ɗaga mana hannu daga kan benci.

Gaba kaɗan da Unguwa Uku akwai wani fili inda ake auna manyan motocin riɗi da shinkafa. Wani faffaɗan ƙarfe ne shimfiɗe a ƙasa, mai sikeli yana zaune a ɗan ɗaki yana leƙowa ta taga. Maigidana ya ce kada kowa ya sauka. Ya hau da motar, tirela na maƙale amma tayoyinta a waje, mai sikeli ya faɗi nauyi. Ya kwance tirelar, aka sake auna motar ita kaɗai. Sannan aka tura tirelar ita ma ta hau. Ni dai lambobin ba su ce mini komai ba, fuskar maigidana nake karantawa, kuma ba ta yi mini daɗi ba.

Yallaɓai ya tambaye shi abin da ya gani. Ya ce nauyin motar da tirela a maƙale da wanda ba tirela kusan ɗaya ne, ke nan tirelar ba ta ɗora wa motar komai ba. Ya kamata ta jingina kanta a kan ƙugiya, kamar kashi ɗaya cikin goma na nauyinta. Yanzu kuwa gindinta ya rinjayi kanta.

"A nan shimfiɗaɗɗiyar hanya ba za ka ji ba, Yallaɓai," ya ce. "Amma in muka kama gangaren ƙasarku, za ta fara kaɗa wutsiya, ta kaɗa mu tare da ita. Birki ba ya jin magana a lokacin."

Aka kwance tamfol a tsakar rana. 'Yan dakon wurin suka taimaka, aka fito da katifu, aka tura buhuna gaba, aka sake hawa sikeli. Kan tirela ya zauna daram, har na ji sanyi a raina. Amma maigidana ya ce tayoyinta biyu ba za su ɗauki duka ba, sai an rage. Aka rage, aka mayar da wasu bayan motar, sifirin ɗinta, lanƙwasasshen ƙarfen nan na kan taya, ya kwanta har ya kusa miƙewa. Aka sake aunawa. Da aka gama juye-juye, buhu ɗaya ya rage a ƙasa, mai ɗaure da tsumman zani.

Maigidana ya share gumi, bai kalle ni ba. "Motar ta kai iyakarta. Ko buhun nan, ko mutum ɗaya."

"A bar shi," in ji Malama, tun kafin ya rufe baki. "A ba wa mai sikeli, ko 'yan dakon nan."

Yallaɓai ya ce shi sai ya bi motar haya. Maigidana ya ce ina, Yallaɓai ne mai nuna hanya daga inda kwalta ta ƙare, kuma ba a raka mutum gidansa a bar shi a tasha. Na tsaya ina kallon buhun, raina na tafasa. Da buhun yana da kunne da ya sha zagi. Na yi tunanin a sauya shi da wani, to amma wane? Kowanne da mai shi, kuma duk na san fuskokinsu. Jikan Inna a nan Unguwa Uku yake jan adaidaita, kafin la'asar labari ya kai mata cewa an yar da geronta a bakin titi. Ko da bai kai ba, na san Inna za ta sa a kira mata Malama ta tambaya ko geron ya yi kunu mai kyau, Malama kuwa ba ta iya ƙarya ba, ko ta wasa. Ba a mayar da hannun kyauta baya, balle na tsohuwar da ba ta da abin bayarwa sai shi.

Na buɗe ƙofa na ɗauko jakata.

Malama ta riƙe mini gyale. "Ƙawata, kada ki yi mini haka. Alkawari muka yi."

Na ce, "Malama, buhu ba shi da ƙafa. Ni ina da ita. Ana gama damina za ki gan ni."

Na faɗa da ƙarfi don kada muryata ta tona ni. Aka ɗora buhun Inna a kujerata, maigidana har da ja masa bel. Suka hau sikeli hawan ƙarshe, mai sikeli ya leƙo ya ce, "Ya yi daidai. Hajiya ma ta ɗan fi shi nauyi." 'Yan dako suka fashe da dariya, Malama ta yi dariya tana share hawaye, ni ma na yi, don ban ga abin yi ba. Motar ta hau titin Zariya, tirela na bin ta tiryan-tiryan ba ko karkata. Hannun Malama na waje ta taga har wata tanka ta shiga tsakaninmu.

Adaidaita na hau na koma gida, da sabuwar atamfata da rigar sanyin aro a hannu, ana zabga rana. Mata suka tare ni da tambaya, na ce mota ce ta cika. Inna ta ce, "Allah sarki, 'yar nan. Gerona dai ya samu wuri?" Na ce ya samu, Inna, wuri mai kyau ma. Ɗakin Malama a buɗe yake, an share, ba komai sai ƙusoshi a bango. Na shiga nawa na rufe ƙofa na yi kukana.

Da maigidana ya dawo na tsare shi tun bai cire takalmi ba. Yaya garin? Ya ce duwatsu ne. Ƙoramar fa? Ya ce ya ga wani ruwa dai. Sanyin fa? Ya ce akwai. Abin da ya ba ni labarinsa da zumuɗi shi ne gangara, yadda ya sauko da giya ta biyu kuma tirela ba ta motsa ba ko sau ɗaya. Ranar na gane Allah ya haɗa ni da mutumin da za a kai shi Aljanna ya dawo yana yabon hanya.

Damina ta wuce ban je ba. 'Yata ta haihu, sai jinyar surukata, sai aka ce hanya ba lafiya, sai idon maigidana ya fara ba shi matsala ya daina doguwar tafiya. Kowace shekara da nata dalilin, kuma duk na gaskiya ne. Malama takan kira ni ran Lahadi in ta dawo coci. Da can takan ce yaushe za ki zo, yanzu gwiwa take tambayata, ni ma in tambayi tata. Ina kewarta ƙwarai, kewar da ba ta raguwa. Waɗanda suka kama ɗakinta mutanen kirki ne, amma har yau in na ji an buɗe ƙofar sai na ɗaga kai.

Bara maigidana ya sayar da tirelar ga 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe. Muna zaune a tsakar gida bayan sun ja ta sun tafi, sai ya ce, "Kin san ta gyara miki ɗaki?"

Na ce wa?

"Malama. Ta aika tun kafin mu je, an yi fenti, an kafa gado, an shimfiɗa sabon zanen gado. Tagar na kallon ruwan nan da kike tambaya. Da muka isa ruwan sama ya taso, ba inda za a sa hatsi, sai ta ce a kai ɗakinki. A nan muka jera buhunan."

Na tambaye shi wane launi ne zanen gadon.

Ya ce bai duba ba.