Ustaz Sadisu da Taswirar da Ta Motse

Shekara ashirin da bakwai ke nan, kullum da hantsi Ustaz Sadisu yana fita daga gidansa a ƙauyenmu na kusa da garin Hajj Abdalla, rular katako a aljihun jallabiya, yana tafe yana ƙirga taku. In ka gaishe shi sai ya ɗaga yatsa, har ya kai ƙofar makaranta sannan ya amsa. Lissafi yake koyarwa. Babu ɗalibin da ya wuce ta hannunsa bai ja igiya daga makaranta zuwa gadar tur'a, babbar hanyar ruwan gonaki, ya samu mita ɗari biyar ba. Mutane na yi masa dariya. Barakatu ba ta cikin masu dariyar.

Shekarar da ruwan sama ya share kunyoyin iyaka, gonar da mijinta ya mutu ya bar mata da 'ya'ya huɗu ta haɗe da ta maƙwabcinta Sodangi. Aka kawo mai awo daga gari da kwafin taswira. Ya aza rula daga gada zuwa iyakarta: santimita huɗu. A jikin takardar an rubuta kowace santimita mita hamsin ce. Mita ɗari biyu ke nan, ya kafa turke. Bakin da ruwa ke shiga gonarta kuwa yana mita talatin gaba da turken. Tarakta na tsaye tana ruri, za ta tayar da kunya. In ta tayar, dawar Barakatu ba za ta ƙara shan ruwa ba.

Ba takalmi ta isa ajin Ustaz.

"Ya Ustaz, taho! Za su raba ni da ruwa!"

Ya bar alli ya biyo ta, bai san abin da zai tarar ba. In takarda ta yi gaskiya fa? Ya karɓi taswirar. Ya auna: huɗu. Ya sake: huɗu. Barakatu ta zauna a ƙasa.

Sodangi ya ce, "Kalas, magana ta ƙare, Ustaz. Koma ka ƙirga takunka, rana na yi."

Maganar taku ce ta tsayar da shi. Ya mayar da rular kan taswirar, tsakanin makaranta da gada.

"Malam," ya ce wa mai awo, "nan mita ɗari biyar ne, ko ɗiyan Sodangi sun ja igiyar. Santimita nawa ya kamata in gani?"

"Goma."

"Takwas nike gani. Wa ya buga maka kwafin nan?"

Mai awo ya goge zufa. A shagon kwafi aka rage takardar don ta shiga jaka. Zanen ya motse, rubutun ma'aunin bai sauya ba. Huɗun nan biyar ce, mita ɗari biyu da hamsin. Aka tuge turken, aka wuce da shi bakin ruwa. Sodangi ya ɗaga wa mai tarakta hannu ya kashe inji.

Kai ne, Ustaz, mai rular da ba ta sayuwa. Kai ne ka ba gwauruwa ruwanta ba tare da ka ɗaga murya ba.

Ga abin da ke damunmu. Ƙarshen watan nan zai aje aiki, idonsa ya fara hazo, har yau ba a turo wanda zai gaje shi ba. Igiyar na rataye a ƙusa. Malamai matasa, ku zo ku sauke ta, ku fitar da yara rana su auna ƙasar da suke takawa, don wata damina na tafe.

Mun gode, Ustaz Sadisu. Allah ya ƙara wa idonka haske. Jiya Barakatu ta aiko maka da buhun dawa. Ta ce kada ka auna.