Ranar da Na Fitar da Farfesa Waje

Har yau ban san wanda ya kai sunana ba. Ina zaune a shagona na kwanon rufi a Dei-Dei, shekarun da farar hula suka dawo mulki Abuja ta haukace da gine-gine, sai ga takarda: wai an sa ni a kwamitin ƙasa mai sa ido kan binciken lafiya, don kada masu bincike su cuci jama'a. Ni da ko maganin ciwon kai sai na tambayi mai kemis! Aka ce ƙa'ida ce, dole a samu mutum ɗaya da ba likita ba, ya zama bakin talakawa.

To, bakin talakawa ya yi wata takwas ba ya buɗewa sai don shan shayi. Ɗaki sanyi ƙalau, likitoci ko'ina, shugabarmu wata Farfesa 'yar Filato, wadda in ta sauke tabarau ta dube ka sai ka manta sunan garinku. Da ta ce, "Mun yarda?" sai hannuwa su tashi. Nawa kan riga na kowa.

Rannan aka kawo takardar wasu masu bincike. Za su ɗebi jinin leburori masu fasa dutse a Mpape, su ga abin da aikin ke yi wa lafiyarsu. Abu mai kyau. Amma an rubuta cewa ogan wurin ne zai tara su a bakin ƙofa da safe, a karanta musu bayani, wanda ya yarda ya dangwala yatsa.

Ƙanena a can yake aiki, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ƙato ne na gaske, amma da ya ga allura sai ya sume. Na san in oga na tsaye zai dangwala ko da wuƙa aka nuna masa, don wanda ya ce a'a yau, gobe ba shi da aiki.

Farfesa ta ce, "Mun yarda?" Hannuwa suka tashi. Nawa ya ƙi.

"Alhaji, lafiya?"

"Ranki ya daɗe, ba mai cewa a'a a gaban oga."

Wani likita ya kwashe da dariya, ya ce ai takarda ta faɗa ƙarara kowa na da damar ƙi. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, kujerar nan dai ta riga ta tafi, bari in ƙarasa.

"Ranki ya daɗe, don Allah ki ɗan fita waje minti biyar, mu sake ɗaga hannu."

Ta sauke tabarau ta dube ni, ni kuwa sai salati nake a zuci. Can ta ɗauki jakarta ta fita. Wallahi da aka sake, hannu uku ne kaɗai a sama. Mai dariyar nan ma gyaran agogonsa ya kama. Nan take kowa ya yi baki: wannan ya ce dama abin ya dame shi, wancan ya ce tun ɗazu yake son magana.

Da ta dawo aka gaya mata, ta daɗe tana kallonsu. "Wato haka kuke yi mini kullum?" Aka mayar da takardar da sharaɗi: a kafa rumfa nesa da wurin aiki, kowa ya shiga shi kaɗai, oga kuma kada ya san wanda ya ƙi.

Bayan an fara aikin na hau Mpape ina hura hanci, na tarar da ƙanena zaune da auduga manne a hannu.

"Kai! Na kusa rasa kujerata don ka samu damar cewa a'a, shi ne ka je ka miƙa hannu?"

"Har suma na yi, Yaya. Sai da nas ɗin ta yayyafa mini ruwa."

"To wa ya aike ka?"

Ya ɗan taɓa audugar, bai dube ni ba. "Yaya, shekara tara ina garin nan. Ita ce ta farko da ta tambaye ni ko ina so."