Goron Gayyatar Dangin Baba

Lokacin da maigidana ya kawo ni London, a tsakiyar shekarun tamanin, shi yana karatu a Bloomsbury, ni kuwa karatuna bai wuce leƙen taga ba. Mun kama hayar wani ɗan flat, ciki da falo, a Tottenham, a saman shagon shayi. Mai shagon shi ne mai gidan, wani tsohon Bature gajere mai sanƙo, shi da matarsa. Baba nake ce masa. Sunan gidansu yana rubuce da jan fenti a goshin shagon, dogon suna irin na mutanen Italiya, amma ba za ku ji shi a bakina ba. Mutanen da suka riƙe ni kamar 'yar cikinsu lokacin da na haihu ba uwa ba kaka, matar tana hawo mini da farfesu, mijin yana ɗumama mini ɗaki, ai ba na kama sunansu gatsau ba.

Da sanyin wata shekara matar ta rasu. Na yafa mayafi, maigida ya raka ni cocinsu, muka tsaya daga can baya. Wallahi abin da na gani ya tsaya mini a rai. Coci ƙato, amma masu makoki ba su cika benci ɗaya ba. Daga Baba sai matar da ke wanke musu kofuna, sai wani maƙwabci da ya ɗaure karensa a bakin ƙofa yana ta waiwayensa. Masu ɗaukar gawar ma 'yan haya ne. Allah bai ba su haihuwa ba.

Da muka dawo, Baba ya zauna a kujerar shago ya cire hularsa, ya ce yana 'yar dariya, "Ita dai ta samu ni. Ni kuma wa zan samu?" Ban yi dariya ba. Na hau sama na yi kuka har maigida ya ce ko ni ce magajiyarta.

Akwai wani ɗan Ghana, mutumin zangon Kumasi, direban motar kai kaya ne, babu lungun ƙasar nan da bai taka ba. Kullum da safe a wurin Baba yake shan shayi. Tun ban je Makka ba yake ce mini Hajiya, ni kuma ban hana shi ba. Wata rana ya tare ni a bakin matakala.

"Hajiya, sunan tsohon nan ya cika ƙasa fa. Na gan shi a Wales a shagon kofi, na gan shi a Scotland wurin masu soya kifi da dankali. Bakin teku kuwa, duk motar askirim sunan ne a jiki."

Na ce, "Kai don Allah! Wannan sunan dai?"

Ya ce, "Shi ɗin. Ko harafi bai canza ba."

Ban ko ajiye jakar cefane ba na shiga na tsare Baba da tambaya, da Turancina mai ɗingishi. Sai ya zuba mini shayi ya ba ni labari. Wai duk masu sunan daga ƙauye guda suka fito, can a kan duwatsun arewacin Italiya, inda ƙasa ba ta ba da komai sai dutse da chestnut, wani ɗan itace da suke gasawa lokacin sanyi, wanda in ka gan shi sai ka rantse goro ne. Yunwa ta koro kakanninsu, suka taho a ƙafa har suka tsallako ruwa. Da zafi su sayar da askirim, da sanyi su gasa chestnut a bakin titi. Duk wanda ya tsaya da ƙafarsa sai ya aika gida a turo masa ɗan ƙanensa. Yaro ya koyi sana'a, ya yi faɗa da baffan nasa, ya tura kekensa na askirim zuwa gari na gaba inda ba mai askirim. Shi ma ya aika a turo masa nasa, shi ma su yi faɗa. Baba ya ce da a ce danginsu masu haƙuri ne, da har yau duk suna unguwa ɗaya.

Direba, da ya biyo ni ciki, ya buga tebur ya ce wallahi haka kakansa ya bar Kano fataucin goro, bai koma ba.

Na ce, "To Baba, cikinsu wa ka sani?"

Ya ce ko ɗaya.

"Ba ka taɓa zuwa ka gaishe su ba?"

Ya dube ni da mamaki, ya ce, "A kan me?"

Ku ji fa, wai a kan me! Mutum yana da dangi daga wannan bakin teku zuwa wancan, amma 'yan haya ne za su ɗauki gawarsa. A daren na ce wa maigida ni zan tara wa Baba danginsa. Ya ajiye littafi ya ce, "Ke, suna ɗaya ba ya nufin dangi. Yanzu duk wanda ya sa Kano a ƙarshen sunansa ɗan'uwanki ne?" Na ce, "A London? Ƙwarai kuwa! Wa ka kwaso mana daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa rannan, ya kwana mana a falo har wata ya mutu, don kawai ya ce shi ɗan Fagge ne?" Sai ya koma kan littafinsa.

Kuskuren da na yi shi ne na faɗa wa Baba dalilina tsirara. Na ce ina so ranar da ta Allah ta kasance a samu masu cika benci. Ya ce, "'Yata, ban fa mutu ba tukuna." Sai na juya maganar na ce to walimar cikarsa shekara tamanin za mu yi. Ya ɗaga kafaɗa ya ce in yi abin da na ga dama, ba wanda zai zo.

Maigida ya ce a buga kati. Na ce ya rubuta musu rana da adireshi a 'yar takarda in yana so, amma gayyata ba goro ai raini ce. Na je wurin wata 'yar Ghana a kasuwa na zaɓo farare da jajaye manya manya, na ƙulla su da alawa, na danƙa wa direba. Na ce duk inda ya ga sunan ya taka birki.

Duk dawowarsa sai na tare shi a matakala in ji yadda aka yi. Na Scotland ya gatsa goron, ya tofar, ya sha ruwa kofi biyu, sannan ya naɗe wa direba kifi da dankali kyauta don ya rabu da shi lafiya. Wani a bakin teku ya ce yana da mai kawo masa kaya, ba ya son sabon dillali. Wani ya jefa goron a kaskon gashi, ya ce wannan chestnut ɗin ba ta da kirki. Wani kuma ya ce shi Baturke ne, da sunan ya sayi shagon, fentin ne ya yi masa tsada. Duk da haka ya karɓi alawar.

"Sai wani tsohuwa a Wales," in ji direba, da Hausarsa ta zango da ba ruwanta da mace ko namiji. "Ya tambaye ni, kakan tsohon, a ƙauyensu, gidan da ke sama da rijiya yake ko gidan da ke ƙasa da ita? Na ce ban sani ba. Ya sansana goron, ya sa a aljihu."

Ranar ta faɗo Lahadi. Tun asuba nake kan tukunya, na yi waina da miyar taushe, na yi dafa-duka, na soya kaji har hannuna ya yi bororo. Ashe maigida, don tsoron asarar abinci, ya bi ta bayan fage ya gayyato Hausawan London kaf. Ɗalibai suka zo da yunwarsu, matan zango 'yan Ghana suka zo da tasu tukunyar, har da wata Hajiya ta gaske, matar wani attajirin Kano mai gida a tsakiyar gari, wadda ta ce ita kallo ta zo yi. Shago ya cika da hula da gwaggwaro.

Baba ya sa tsohon kwat ɗinsa da laktaye. Ya ce shi bai damu ba, amma kujerar da ke kallon ƙofa ya zaɓa. Akwai 'yar ƙararrawa a saman ƙofar. Duk lokacin da ta yi ƙara sai ya ɗaga kai, sai ya ga wani mai hula ne ya shigo da sallama, sai ya yi murmushi ya mayar da kansa. Azahar ta wuce, la'asar ta kawo kai. Kunya ta kama ni kamar in nutse. Mutum yana zaune da kaɗaicinsa lafiya lau, ni da shisshigina na sa masa rai.

Har an fara kwashe faranti sai ƙararrawa ta sake yin ƙara. Wata 'yar tsohuwa ce ƙanƙanuwa da sanda, jikokinta biyu ƙarti suna biye da ita. Direba ya raɗa mini, "Shi ne na Wales." Ta ratsa Hausawa ba ta kalli kowa ba, ta tsaya a gaban Baba, ta ƙare masa kallo tun daga sanƙo har takalmi. Sai ta jefa masa wata magana da yarensu. Baba ya miƙe tsaye ya mayar mata. Na ce alhamdulillahi, ga gaisuwar dangi.

Ina! Kafin ka ce kwabo murya ta tashi. Ta buga sanda a ƙasa, ya buga hannu a tebur har kofuna suka yi tsalle. Ta nuna shi da yatsa, ya nuna sama. Hausawa suka yi cirko-cirko, wani ɗalibi da cinyar kaza a baki. Na jawo ɗaya daga cikin jikokin na ce me ke faruwa? Ya ce wai a ƙauyen akwai wata bishiyar chestnut a kan iyakar gidan sama da gidan ƙasa. Kakanta ya ce tasa ce, kakan Baba ya ce tasa ce, a kan haka ma nata kakan ya tura kekensa Wales. Na ce su biyun sun taɓa ganin bishiyar? Ya ce a'a, duk a nan aka haife su, kuma ya ji an ce titi ya bi ta wurin tun tuni.

Na shige kicin na fashe da kuka. Na kashe kuɗin goro, na ƙona hannu, na ɗauko wa bawan Allah abokiyar gaba tun daga Wales. Maigida ya biyo ni, na juya masa baya don na san "ai na faɗa miki" zai ce. Sai ya ce, "Ke, share hawayenki ki leƙa. Kin taɓa ganin bare ya yi wa mutum irin wannan faɗan? Wannan sai jini. Kin fi ni gaskiya."

Na leƙa. Fuskar Baba ta yi ja, idonsa yana ƙyalli, waina a hannu ɗaya yana ci yana masifa. Tun rasuwar matarsa bai samu wanda zai yi yaren ƙauyensu da shi ba, ranar kuwa ya fanshe har da riba. Tsohuwar ma ta ja kujera ta zauna don ta ji daɗin faɗan da kyau, tana dangwalar miyar taushe. Hajiyar attajiri ta ce ba ta yi asarar kuɗin tasi ba.

Daga ranar, kowace Lahadi da yamma sai mu ji wayar ƙasa ta yi ƙara, sai muryar Baba ta huda daɓe ta iso mana. Tsohuwa ta nemi shaidu a Scotland, shi ma ya nemi nasa a bakin teku. Wanda ya tofar da gorona da kansa ya hawo jirgin ƙasa ya zo ya ba da shaida, wai kakarsa ta sha tsintar 'ya'yan bishiyar. Dangi suka rabu gida biyu, 'yan sama da 'yan ƙasa, suna ziyartar juna don su ƙaryata juna. Abin da gorona ya kasa, bishiyar da babu ita ta yi shi.

Baba ya rasu a tsakiyar shekarun casa'in. Na kira Hausawan nan na ce kowa ya fito, ko ba komai ma cika masa benci. Muka yi ayari muka isa cocin, sai muka tarar ba masaka tsinke. Ga na Wales, ga na Scotland, ga motocin askirim jere a bakin titi. A bakin ƙofa ƙarti suna gardamar wanda zai kama gaban akwatin, 'yan sama ko 'yan ƙasa. Mu da muka zo cika benci a waje muka tsaya cikin yayyafi, kuma ban taɓa jin daɗin rasa wurin zama irin na ranar ba.

Da aka fito, jikokin suka turo tsohuwar a keken guragu, ta sa aka tsaya a gabana. Ta laluba aljihu ta ciro wani abu ta danna mini a tafin hannu. Goron nan ne, ya bushe ya yi baƙi kamar tsakuwa. Ta jawo mayafina har na sunkuya, ta ce a kunnena, "Bishiyar ta kakansa ce, tun farko na sani. Amma da na faɗa masa, wa zai riƙa ɗaukar wayata ranar Lahadi?"