Saje Manu da Kujerar da Ba Ta San da Zamansa Ba

Ku da kuka yi aiki da Saje Manu a siton taki da hatsi na bakin hanyar Dabai, wa ya taɓa ganin ya miƙe ya gaida mutum yana kan motar ɗaga kaya? Babu! Ko kai wane ne, in ka same shi kan foklif ɗin nan, sai ka jira ya sauke ƙahonninta ƙasa, ya cire giya, ya ja birkin hannu, ya kashe ta, ya sa makulli a aljihu, sannan ya sauko ya durƙusa. Ranar da surukinsa ya zo daga Kanya, tsoho ya yi sallama, ya ga ba a sauko ba, ya wuce fuu cikin fushi. Kafin Saje ya gama bidi'o'insa, tsoho har ya iso rumfata ya zauna. Amma duk da haka Saje ya durƙusa can inda tsohon ya tsaya da farko, ya ce wa fili, "Baba, kun zo lafiya?" Ni Ladi mai tuwo da idona na gani. Na yi dariya har ludayi ya nutse a miya.

Kujera ce ta jawo duk wannan. Lokacin da Alhaji mai sito ya sayo sabuwar motar, akwai wani makunni a ƙarƙashin mazaunin direba. In direba ya ɗaga, sai motar ta ɗan saurara, ko gargada ce ta cilla shi. In ba ta ji ya koma ba, ta cire giya da kanta. To ku kun san Saje. Tsohon soja ne, amma ramamme ne, in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa. Yana zaune daram, kujera ba ta ko lotsa ba. Da sun shiga rami ɗaya a filin sito, sai motar ta ɗauka babu kowa a kanta, ta tsaya tana gurnani. Ga tirela na jira, ga manoma na jiran taki, ga damina ta kankama.

Manaja ya gaji, ya ce, "Saje, zaɓi ɗaya. Ko a haɗe wayar makunnin nan ya daina aiki kowa ya huta, ko in nemo direba mai jiki."

Saje ya nuna matan da ke duƙe suna share hatsin da ya zube. "Yallaɓai, in na faɗo daga kanta, wa zai ce mata ta daina tafiya? Waɗannan bayin Allah ba su da ido a ƙeya."

"To ka ƙara nauyi mana!" in ji manaja, da wasa.

Wai sai mutumin nan ya ƙame ya sara masa. An ba da oda ke nan!

Ya iso rumfata fuska a murtuke. Wannan fa mutum ne da ya saba sayen rabin malmala ya ce a cika masa miya har ta yi ambaliya. Ya ce, "Ladi, umarni ne daga sama. Ki cika ni." Oh ni 'yasu! Tuwon dawa da safe, tuwon shinkafa da rana, ga wake, ya kora da fura. Ya ci har gumi na ɗiga daga haɓarsa, ya miƙe, ya duba bel ɗin wandonsa, yana nan a hudarsa ta jiya. Na ce, "Wai Saje ina tuwon nan yake zuwa ne?" Ya ce, "Yana hanya, Ladi. Bai iso ba tukuna."

Masu dakon sito suka ji tausayinsa, suka kawo shawarar a ɓoye bulo ƙarƙashin matashin kujera, ba mai sani. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "In na faɗo, bulon zai biyo ni ƙasa?" Kowa ya kama gabansa.

Tuwo dai bai iso ba. Manaja ya kawo Garba daga Danko a gwada shi, ƙato ne, kun san shi, ga shi can yana sunkuyar da kai. Ranar Saje ya zauna kan bencina, na zuba masa ya ƙi taɓawa. Gaskiya na damu, domin da aikin nan yake riƙe da gidansa, ga yara a makaranta, kuma wa zai ɗauki tsoho irinsa a wani wuri? Na ce, "Haba Saje, waya ɗaya ce fa." Ya ce, "Na sani." Ya ture kwanon gefe.

Garba ya ɗauko buhuna ya hau gangarar ƙofar sito, sai ga Alhaji ya shigo. Shi kuwa yaro ne mai tarbiyya, ya miƙe tsaye kan motar ya dunƙule hannu yana "Barka da zuwa, Alhaji!" Mota ta ɗan saurara, ta ga shiru, ta saki giya. Sai ga ta tana dawowa da baya, sannu sannu, kai tsaye rumfata! Mata suka watse, ni na yi ta kaina da zane a hannu. Kafin Garba ya zauna ya laluɓo birki, tukunyar miyar kuka ta riga ta kife.

Na zata Saje zai yi ta fankama. Ina! Ya tsaya kan miyar yana girgiza kai, ya ce, "Ladi, rabona ne fa wannan ya zube." Sannan ya dafa Garba, ya ce, "Ɗana, kujera giya kawai take cirewa. Birki kuma aikinka ne." Alhaji ya share zufa ya ce, "A mayar mini da ramammen nan." Saje ya ce ya ji, amma kada a kori Garba, a bar masa shi ya koya masa.

Ku ji ƙarshen abin. Da bakanike ya zo daga Kontagora yi wa motar sabis, ya ji labari, sai ya leƙa ƙarƙashin kujera ya murza wani ɗan marfi. Ashe ana saita ta daidai da nauyin direba, tun daga kamfani aka bar ta a kan na ƙato! Saje ya hau, kujera ta lotsa luɓus. Ya zaga filin sito, ya bi ta kowane rami, mota ko tari ba ta yi ba. Ya sauko, ya dubi bakanike, ya dubi tukunyata, ya rage murya ya ce, "Malam, kada ka yi ta yaɗawa. Har yanzu ba a janye umarni ba." Haka ya ci gaba da cin malmalarsa har ya ajiye aiki, kuma ko yatsar wani motar nan ba ta taɓa takawa ba a hannunsa. Yanzu Garba ke tuƙa ta, wayar tana nan yadda take, matanmu suna shararsu hankali kwance.

Ranar da aka kai shi makwancinsa, Garba na cikin masu ɗaukar makara. Ya dawo ya zauna nan yana kuka kamar ƙaramin yaro, ya ce, "Iya Ladi, wallahi kamar babu kowa a ciki." Ni ma kukan na yi, don na yi kewar mutumin nan ƙwarai.

Ni 'yar coci ce, amma na ji malaminku ya ce akwai ranar da za a auna aikin kowa. Ya Allah, ranar nan ka sa na Saje ya yi nauyi. Ka jiƙansa, ka ba shi wurin zama mai daɗi, ka raya abin da ya bari. Amin.