Malamar 'Yata da Wayoyi Biyu

Na daɗe ina koyar da Fiziks a sakandare, daga Sule Tankarkar zuwa Gagarawa, kafin a maido ni gida Gumel. Kowace shekara sai in ja layi biyu a allo, in ce wa yara waɗannan wayoyi ne a jere. Kowace waya da wuta ke bi tana da ƙarfin maganaɗisu kewaye da ita, don haka in wutar ta nufi gefe ɗaya a cikinsu sai su ja juna, in ta saɓa sai su ture juna. Su kwafa, su haddace, mu wuce.

'Yata ta fari kuwa ba ta taɓa son darasina ba. In na zaunar da ita da littafi, hamma take yi har uwarta ta cece ta da aike. Da ta tafi makarantar kwana na riga na fid da rai.

Wani hutu ta dawo, ko hijabi ba ta cire ba ta same ni ina wanke babur.

"Abba, ka san wayoyi biyu na iya jan juna ba wanda ya taɓa su?"

Na ce na taɓa jin haka.

Ta tsuguna tana ba ni labarin sabuwar malamarsu. Wai ta yanko takardar nan mai ƙyalli da masu gasa kaza ke naɗe nama, siri-siri guda biyu, ta rataye su dab da juna, ta jona da batirin babur, sai suka manne. Da ta juya wutar guda, suka buɗe.

"Duk ajin muka miƙe tsaye, Abba. Malama ta ce..."

Wannan "Malama ta ce" shi muka ci muka sha har hutu ya ƙare. Abin da na sha faɗa mata tana gyangyaɗi, shi take maimaita wa ƙannenta da sunan wata. Na ce wa uwarta ai wannan wasan yara ne, ba ya fitowa a jarrabawa.

Ta dube ni tana murmushi. "Malam, kishi kake da malamar 'yarka?"

Na ce Allah ya sawwaƙe. Amma washegari na biya tasha na roƙi mai kaza takardar. Bayan la'asar na kwance batirin babur ɗina na haɗa a zaure. Gwajin farko ya ƙone. Na biyu ya ɗan motsa, sai na kira 'yata.

Ta duba da kyau. "Ya yi, Abba. Sai dai na Malama ya fi tsawo, kuma ya fi kusa. Kawo in gyara maka."

Ta gyara, takardun suka manne, ƙannenta suka yi mata tafi. Ni ina gefe riƙe da batir.

Ranar ziyara na tafi makarantar da ƙullin kilishi, amma abin da ya kai ni shi ne in ga matar nan. 'Yata ta jawo ta har inuwar da nake. Malamar yarinya ce ƙarama, ta durƙusa ta gaishe ni.

"Malam, ba ka gane ni ba? Ka koyar da ni a Gagarawa."

Nan take zuciyata ta yi sanyi. Na ce, "Ashe a wurina kika koyi zancen wayoyin."

Ta yi dariya. "A wurinka na fara ji, Malam. Amma gaskiya haddacewa kawai na yi. Sai a kwaleji da na gani da idona na yarda."

Ba da wata manufa ta faɗa ba, shi ya sa ma ya fi yi mini zafi. Na sa mata albarka. 'Yata ta kwance kilishin a gabana, ta raba biyu, ta miƙa mata kaso mafi tsoka, ta kuma karɓi jakarta ta raka ta.

Yanzu 'yata tana jami'a, Fiziks take karantawa, mutane suna ce mini ta gaji mahaifinta. Ba na musu. Ranar da sunanta ya fito cikin waɗanda aka ɗauka, ta kira ni cikin murna. Na ce ta yi maza ta sanar da malamarta.

Ta ce, "Ai ta sani, Abba. Yanzu muka gama waya."