Akwatin Halidu

Halidu na Bangi manomi ne, ba magyarin rediyo ba. Hannunsa ne kawai ba ya iya zama. In an gama girbin hatsi sai ka gan shi a zaure ya warwatsa cikin rediyon wani a kan tabarma, yana ƙona dalma da ƙusa.

Ya yi dako shekaru a Abijan. Abokan tafiyarsa sun dawo da kekuna da zannuwa, shi kuwa ya dawo da akwatin ƙarfe mai nauyin turmi. Na'urar awon wuta ce, irin ta kan tebur, mai allura a bayan gilashi, wadda ke nuna inda wuta ta tsaya a cikin rediyo. Abu ɗaya ya manta: sai an jona ta da kuran, wato wutar lantarki, take aiki, Bangi kuwa fitilar kananzir ake kunnawa. Haka ta zauna a ɗaki, lulluɓe da buhu. Kullum yana sharewa, kullum yana tsaki.

Wata shekara bayan girbi wani ɗan garin, Nuhu, ya zo daga Abijan da kasat. Ɗantala ne ya aiko wa uwarsa Biba, ƙanwar mahaifiyar Halidu. A lokacin haka ake yi: ɗa ya yi magana a kasat, uwa ta saurara, ta mayar da amsa a bayan kasat ɗin. Ranar kasuwa Nuhu zai koma. Rakodar Biba kuma ta mutu.

"Ga ta nan," in ji Biba. "Ko akwatin naka na ado ne?"

"Inna, kuran yaka so."

"To kai shi inda kuran take. Ni muryar ɗana nika so, ba bayani ba."

Halidu ya ɗauki rakodar, ya ɗaure akwatin a amalanke zuwa tasha, ya bi motar kasuwa zuwa Madawa, yana rungume da shi saboda gargada. Wani tela ya ba shi gefen tebur. Wuta ba ta zo ba sai la'asar. Ya jona, ya zauna, ya tashi, ya sake zama, don na'urar ba ta awo sai ta yi zafi. Allura ta fara motsi ke nan aka ɗauke wuta. Da ta dawo, allurar ta hau can ƙarshe ta maƙale. Hanya ta girgiza mata ciki.

"Wagga aba taka ta hi jinjiri son lallashi," in ji telan.

Halidu ya kwana a Madawa, da safe ya kama hanya, wuyansa a sage. Kasuwa ta ci kafin ya iso. Nuhu ya riga ya ɗora kayansa a mota, Biba na zaune a ƙofar zaure da kasat a cinya.

Bai ko sauke akwatin daidai ba. Ya kwance ƙwan tocila, ya haɗa da pil, wato batir, da waya biyu, ya bi hanyoyin cikin rakodar yana taɓawa. Inda ƙwan ya ƙi kamawa, nan waya ta tsinke, ƙarƙashin gidan pil. Ya sa ƙusa a garwashi ya liƙe.

Muryar Ɗantala ta fito a shaƙe: "Inna, ina kwana..." Biba ta amsa gaisuwar kamar yana gabanta. Direba na ta oda. Ba ta ji har ƙarshe ba, ta sa aka juya kasat, ta yi maganarta tana haki, Halidu ya fizge ya ruga ya miƙa wa Nuhu ta taga.

Da ya dawo ya tarar ta ɗora rakodar a kan akwatin.

"Nan ta hi zama daidai," in ji ta.

Bai ɗauke ba. Amma har ya tsufa, duk wanda ya zo daga Madawa sai ya tambaye shi ko turakun wuta sun kusa.