Malama Saloma da Saurayin da Ba Ya Mutuwa

Saloma Mika 'yar Dabai ce, a ƙasar Zuru. Ubanta manomi ne irin mutanen da, wanda ya yi golmo, ya nome gonar surukinsa damina bayan damina kafin a ba shi uwarta, kuma har ya tsufa bai daina yi wa samari gorin haka ba in burkutu ya ratsa shi. Bai san bihim ba, amma da wani malamin mishan ya ce masa yarinyar nan tana da kai, sai ya cire ta daga korar tsuntsaye a gonar dawa ya sa ta makaranta. A can ta kamu da ciwon karatu. Ko takardar da aka ƙunso mata ƙosai sai ta karance ta kafin ta jefar. Ta yi kwalejin horon malamai, ta auri Gabriel, soja kamar rabin samarin ƙasar, aka ba ta koyar da Turanci a wata sakandaren 'yan mata a cikin garin Zuru.

Auren soja auren jira ne. Yau yana Jos, gobe Fatakwal, jibi a ce an kwashe su zuwa ƙasar waje. Ita ta raini 'ya'yansu, ita ta tsaya a kan aikin rufin ɗaki, ita ke zuwa gaisuwar mutuwa a madadinsa. Wannan bai taɓa sa ta ƙorafi ba, don kusan kowace mace a layinsu haka take. Abin da ya ci mata tuwo a ƙwarya shi ne ɗalibanta ba sa karatu.

Hadda dai suna yi. In jarrabawa ta matso sai su haɗiye amsoshi, su amayar a takarda, su manta. Amma yarinya ta ɗauki labari don jin daɗi, wannan kam sai a mafarki. Ɗakin karatun makarantar an mai da shi sito, buhunan siminti da karyayyun kujeru, littattafan da suka rage kuwa gara ta riga kowa karanta su. Saloma ta share lungu guda, ta kawo nata littattafan na gida cikin kwalin taliya, ta ce duk mai so ta zo ta ara. Shekaru suna tafiya, kwalin yana nan yadda yake. In wata ta ara, to tana neman abin yin fifita ne.

A farkon shekarar 2009, bayan hutun Kirsimeti, ta shiga aji shida lokacin hutun tara ta tarar da shiru. Ajin da ake jin hayaniyarsa daga bakin titi. 'Yan mata sun haɗa kai kashi-kashi, kowane gungu da wasu takardu a tsakiya. Ta miƙa hannu ta karɓi na wurin Glory, wata siririyar yarinya da ba ta cika magana ba.

"Mene ne wannan?"

"Littafi ne, Malama."

"Ina bangonsa? Ina farkonsa?"

"Farkon yana wurin 'yan aji biyar. Yaga shi muka yi, don kowa ta samu."

Ashe Chidinma ce ta zo da shi, 'yar Cyprian mai kantin kayan gini a bakin kasuwa. A Onica wata 'yar'uwarta ta ba ta. Littafi ne mai kauri kamar bulo, bugun 'yan kasuwa, wani shafin ma tawadar ta dishe. Amma ga 'yan matan da ba sa iya gama shafi guda ba su yi hamma ba suna faɗa a kan layin karɓa, har da masu duba ƙamus.

Saloma ta ji kamar ta yi guɗa. Ranar Juma'a ta tattara abin da ta samu na yagaggun takardun ta tafi da su gida.

Asabar da rana ta ɗora wake ta zauna a gindin mangwaro. Labarin wata 'yar makaranta ce a ƙasar Turawa da ta faɗa son wani saurayi fari fat, mai sanyin jiki kamar randa, wanda ba ya cin abinci, ba ya tsufa, jinin mutane ne abincin jinsinsu. Bamfaya, in ji 'yan matan. Yana son ta, yana kuma jin yunwar jininta, yana danne kansa. Tun ba ta yi nisa ba Saloma ta fara tsaki. Wannan wace irin yarinya ce? Ba ta da buri, ba ta da ƙawa ta kirki, ba ta taɓa tunanin jarrabawa ba. Namiji ya ce miki zai iya kashe ki, ke kuma ki ce to ki ƙara matsawa! Ta yi tsaki, ta juya shafi. Ta sake tsaki, ta sake juyawa. Ƙaurin wake ne ya tashe ta, tukunya ta kama har ƙasa. Wannan ya fi komai ba ta haushi.

Kafin wata ya zagayo abin ya bi makarantar kamar wutar daji. 'Yan mata baƙaƙe kyawawa suka riƙa zuwa da hoda a fuska kamar an yi musu wanka da toka. Ta ba su jinga su rubuta yadda suka yi hutu, sai ga rabin aji sun gamu da wani baƙo mai sanyin hannu a hanyar rafi. Wata ta kori saurayinta, yaron kirki mai buga ganga a ƙungiyar mawaƙan coci, wai yana cin tuwo da yawa kuma yana gumi. Turancinsu kuwa ya gyaru, ba ƙarya. Jimloli sun miƙe, sababbin kalmomi sun shigo. Saloma tana ba da maki tana cizon yatsa.

Ran nan bayan tashi ta tsayar da Glory a baranda.

"Zo nan, 'yata. Ke da nake gani mai hankali, me kika gani a jikin wannan halitta? Mutum ba mutum ba, gawa ba gawa ba. Da a nan ne ai maye za a kira shi, a kore shi daga gari."

"Ba maye ba ne, Malama. Yana hana kansa."

"Yau ya hana kansa. Gobe fa? Mace ba ta gina rayuwarta a kan haƙurin mai jin yunwa."

Glory ta sunkuyar da kai tana murza igiyar jakarta. Can ta ce, "Malama, shi ba ya mutuwa."

"Na'am?"

"Ba a tura shi ko'ina. Kuma ko an harbe shi tashi yake yi."

Saloma ta san uban Glory. Tare suka tafi Sudan da Gabriel aikin wanzar da zaman lafiya, Gabriel ya dawo da ƙafarsa, shi kuwa aka kawo shi cikin akwati lulluɓe da tuta. Ita da kanta ta riƙe uwar yarinyar a maƙabarta. Ta dubi filin makaranta, 'yan mata suna ta fita, ta shiga lissafa su a zuci: wannan ubanta yana Fatakwal, waccan rabonta da nata tun tana firamare, waccan kakarta ce ke riƙon ta. Ta ce wa Glory ta je gida. Ra'ayinta a kan littafin bai canja ba, amma ta daina yi musu ba'a a cikin aji.

Sai ma ta yi shawarar ta kama zaren. Ta fara ware ƙarshen darasi ana gardama. Me ya sa yarinyar ba ta da wani aiki sai jira? Da ke ce, za ki bar uwarki da danginki saboda shi? 'Yan matan da a da sai an matse su suke ce "e" ko "a'a" suka riƙa ɗaga murya da Turanci, in ya ƙare musu su koma Hausa, in ta yi zafi su zarce da C'lela, yarensu na gida. Har mutum biyu suka leƙa kwalin taliya suna tambaya ko akwai wani mai soyayya a ciki.

Daɗin bai daɗe ba. Wata uwa ta tsinci yagaggen kashi a jakar 'yarta, ta ba ƙanenta ya fassara mata. Kalma biyu kawai ta riƙe: shan jini. A Zuru kuwa, kamar ko'ina, in aka ce 'yan shan jini ba a nufin wani saurayin littafi. Ana nufin masu sace mutane don tsafin kuɗi. Kafin ranar kasuwa labari ya yi ƙafa ya yi fiffike. 'Yan kabu-kabu suna faɗa wa fasinja cewa wata malama tana shigar da 'yan mata ƙungiyar asiri. A taron zumuntar mata, matar da suke zama benci ɗaya tun suna amare ta matsa can gefe.

Shugaban makaranta, Malam Lukuman, mutum ne da ba abin da yake tsoro kamar a kai ƙararsa Birnin Kebbi. Ya kira taron iyaye. Ɗaki ya cika, Kirista da Musulmi, ranar bakinsu ɗaya. Dattijo Haggai, tsohon saje manjo kuma dattijon ikilisiya, shi ya miƙe da sandarsa.

"Ɗiyata, na san ubanki, mutumin kirki. Tambaya ɗaya nika yi. Cikin littafin ga ana shan jini ko ba a sha?"

"Baba, ana ambatonsa, amma labari ne. Tatsuniya ce ta Turawa. Mu ma ai muna ba yara labarin dodo, ba wanda ya ce muna koya musu cin mutane."

"Dodon namu an taɓa cewa a aure shi?"

Ɗaki ya ɗauka da "Gaskiya ne!" Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne tambayar tsohon ba ta wauta ba ce. Ita ce tambayar da take yi wa 'yan matan kullum.

"Baba, ni ma ba na son littafin nan," ta ce. "Na fi ku ƙin sa, don ni na karanta shi. Amma tun da na fara aiki ban taɓa ganin yaran nan sun riƙe littafi da son ransu ba sai yanzu. Ku bar ni da su. In mun ƙwace, za su koma karantawa a ɓoye, ba mai ce musu nan daidai ne, nan shirme ne. Waye a cikinku ya karanta ko shafi ɗaya?"

"Ba sai na sha guba ba kafin in san tana kisa," in ji Dattijo Haggai, ya zauna.

Malam Lukuman ya yi gyaran murya, ya ce makaranta ta ji koken iyaye. Daga yau duk littafin labarin da ba ya cikin manhaja haramun ne a harabar makaranta. Washegari a filin taro aka bi jaka-jaka, aka tara yagaggun takardun, aka zuba kananzir. Da masinja ya fito daga sito rungume da kwalin taliya, Saloma ta tare shi.

"Ranka ya daɗe, waɗannan nawa ne. Ba jini a ciki ko ɗigo."

"Malama, doka ba ta da ɗan gida," in ji shugaban, bai ko dube ta ba. "In na bar naki, gobe a ce na yi son kai."

Da ƙyar ta ƙwaci kwalinta, bisa sharaɗin ya bar makarantar a ranar. Ta ɗora shi a bayan kabu-kabu, tana jin ƙaurin takarda har bakin ƙofa.

Iyaye suka huce. Matar benci ta dawo wurinta kamar ba a yi ba, har tana tambayar ta lafiyar Gabriel. Hoda ta ragu a fuskoki, aji shida ya koma hayaniyarsa, aka koma hadda. Saloma ta ci gaba da koyarwa, amma ta zama mai saurin fushi, alli yana karyewa a hannunta.

Akwai kuma wani abin da ba ta faɗa wa kowa ba: kashin ƙarshe bai taɓa zuwa hannunta ba kafin a ƙone. Ta daure, ta daure, ran nan dai ta bi ta kantin Cyprian kamar mai neman ƙusa, ta tambaye shi ko in ya je Onica zai samo mata wani. Mutumin ya ɗaga hannu biyu sama.

"Malama, don Allah ki rufa mini asiri. Saura kaɗan a daina sayen siminti a wurina saboda littafin nan. Ni baƙo ne a garin nan."

Dole ta koma wurin 'yan matan. Ranar da suka gama jarrabawar fita, ta same su a gindin darbejiya suna ta rungume juna, ta tambaya kamar abin bai dame ta ba, yaya ma labarin nan ya ƙare?

Glory ta ce yarinyar ta zama irinsa, suka zauna tare har abada. Chidinma ta ce ƙarya ne, tafiya ya yi ya bar ta don ya cece ta. Wata ta rantse cewa yarinyar ce ta juya masa baya ta tafi jami'a. Wata kuma ta ce ai a ƙarshe ya zama mutum, har ya yi mura. Gardama ta kaure, kowacce tana cewa ita ta karanta da idonta.

"Littafi ɗaya fa kuka karanta!" in ji Saloma.

Ba wadda ta ji ta. Ta tsaya kaɗan tana kallonsu, ta yi tsaki, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta nufi bakin titi neman abin hawa.